Wata Biyar Ina Shan Malt da Madara, Ashe Jinina Cike Yake

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Rabona da rubutu a wannan shafi tun kafin faɗuwar damina, kuma da yawanku sun aiko suna tambaya ko lafiya. A lokacin dai ba lafiya ba. Yau kuwa, alhamdu lillahi, murna ce ta sa na ɗauki waya.

Ga wanda bai san ni ba, ina sayar da irin shuka da maganin feshi a Talata Mafara. Mahaifiyata, Inna, tana Faru a ƙasar Maradun. Tsufa ya kama ta, kuma tun rasuwar mahaifinmu ban taɓa barin Jumma'a ta wuce ban hau babur na je gaishe ta ba.

Abin ya fara da gajiya. In tashi da safe kamar wanda ya yini huɗa. In auna wa mutum iri, hannuna ya yi nauyi.

Ni mutum ne mai adana takardun faɗakarwa da ake rabawa a asibiti, kowace da mazauninta a jakata. Na zaro ta ƙarancin jini na karanta sau uku: kasala, jiri, haki. Na tsaya gaban madubi na ja fatar idona ƙasa, na ga kamar ta yi fari. Nan take na yanke wa kaina hukunci.

Kowa a nan ya san abin da ake sha don ƙarin jini, wato lemon malt a haɗa da madarar gwangwani. Ni kuma ba na yin abu rabi da rabi. Kwalba ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar, na ƙara da cokali biyu na zuma.

Gajiya ta ƙaru. Ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ba iyaka, wando ya yi mini yawa. Sai na ce ashe jinin ya ragu fiye da zatona, na mayar da shi kwalba uku.

Wata Jumma'a da hantsi, a hanyar Faru, barci ya sace ni a kan babur. Na farka cikin gonar gero, ƙafata tana jini.

Yayana, Yaya Bala, ya zare makullin babur ɗin ya jefa aljihu. Ya ce, "Ba ka sake hawa nai sai likita ya duba ka. In ka mutu bisa hanya, wa za ya hwaɗa ma Inna?"

Mun ɓoye mata. Jumma'a ta uku da ban je ba, ta sa aka kira mata ni a waya, ta ce, "Ɗan nan, ko laihi ni yi maka?" Washegari na tafi asibiti.

Na yanki kati, na bi layi. Da na shiga, na shaida wa likita cewa na riga na gano ciwona, ƙarin jini kawai nake bukata.

Ya ce, "Malam, abin da ke kawo gajiya yana da yawa. Akwai ƙarancin jini, akwai zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, rashin barci, damuwa, ciwon suga. Ka dawo gobe kafin ka karya, mu gwada."

Sakamako ya fito. Likita ya duba ya ce, "Jininka ya fi nawa. Suga ne ya hau sosai. Me kake sha?"

Na lissafa masa dalla-dalla, har da lokutan sha. Ya ajiye biro.

"Kwalba uku? Da zuma?"

Maiɗakina Hajara tana gefe, ta ce, "Likita, ranar da na manta zumar, yini ya yi bai yi mani magana ba."

Kwana huɗu na yi a gado. Allurar insulin, ƙarin ruwa, huda yatsa safe da yamma, wankin raunin ƙafa da ya ƙi warkewa. Na ji tsoron za a yanke ƙafar, ban ɓoye ba. Kuɗin gwaji da gado da magani sai da muka sayar da tunkiya.

Aka sallame ni da ƙwayoyi da ƙa'ida. Na rage malmalar tuwo, na yawaita zogale da wake da kifi, na bar kayan zaƙi, ina taka ƙasa rabin awa kowace safiya. Likita ya ce ciwon ba ya tafiya, lallaɓa shi ake yi.

Jama'a, cikin mako uku na ji kamar an sauke mini buhu daga kafaɗa! Ina yini a shago ba gyangyaɗi. Raunin ya rufe. Da na koma awo, likita ya ce babur ya halatta, Yaya Bala ya miƙo makulli yana cewa in tafi a hankali.

Jumma'ar jiya na isa Faru, bayan Jumma'a tara ban je ba. Na durƙusa na faɗa wa Inna komai. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce, "Kun ɓoye mani ciwo, kun bar ni da zullumi. Kak ku sake." Sannan ta sa aka dama mini fura ba sukari, rabin ludayi kaɗai ta yarda in ƙara.

Ina godiya ga Allah, ga likita da ma'aikatan jinya, ga Hajara da Yaya Bala, da ku masu addu'a. Allah ya saka da alheri.

Shawarata ita ce, duk wanda gajiyarsa ta wuce mako biyu, musamman in akwai ƙishirwa da rama, ya je a gwada jini da suga kafin ya sha komai, domin takarda tana faɗin alamu ne, ba ta awo. Kada mai jin gyangyaɗi ya hau babur. Kuma in kun kwanta ciwo, ku faɗa wa iyayenku. Inna ta ce makonnin nan kullum sai ta yi ta neman laifin da ta yi mini.