Ranar da Na Sa Ƙofar Mota a Kafaɗa

Ko tsufa ya kwashe mini haƙora, ba zan manta da ranar da na shiga yaƙi da ƙofar mota a kafaɗa ba.

Ni mai gyaran jikin mota ne a unguwar Ketaren Gwari da ke Minna. Iyakacina firamare, kuma masu digiri ba sa bari in manta da hakan. Wata shekara ƙungiyar unguwarmu ta shirya wasan kwaikwayo na yaƙin mutanen da, don bikin al'adu. Malamin makarantar da ke tsara wasan ya dubi faɗin ƙirjina ya ce ni ne Sarkin Yaƙi. Ni da ko a ɗaurin aure can baya ake zaunar da ni! Sharaɗinsa ɗaya ne, kowa ya nemo kaya irin na kakanni.

Na duba waya, na ga mayaƙan Turawa da farantan ƙarfe a kafaɗa suna ƙyalli. Na ce aikina ya samu. Na ciro ƙofar wata matacciyar tasi, na yanka, na buga, na goge har ina ganin fuskata.

Maƙwabcina, wani tsohon tela mutumin Bida, ya leƙo ya ce, "Ɗana, murfin tukunya ka koma ƙerawa?"

Na ce, "Sulke ne, Baba."

"Na su wa? Namu lifidi suka sa, auduga ce a cusa cikin yadi a ɗinke. Mai hali ya ɗora rigar zobba a kai."

"Wato in sa katifa in fita gaban jama'a?"

Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan kekensa.

Ranar gwaji bayan azahar muka taru a fili, kuma kun san zafin ranar Minna. Kafin a zo kaina ƙarfen ya yi zafi kamar an ɗora mini dutsen guga biyu. Malam ya ce, "Sarkin Yaƙi, ɗaga takobi!" Na ɗaga, farantin ya daki kunnena, hannu ya maƙale a rabi. Abokin gabana, wani siririn mai nama, ya soke ni da takobin katako har sau uku.

"Oga, ka mutu tun ɗazu fa, faɗi mana!"

Faɗuwar ma tsoro nake ji, kada ƙarfe ya yanke mini wuya. Wata mai ƙosai ta ɗaga murya, "A kawo ƙullu mu soya a kafaɗarsa!" Har ni sai da na yi dariya, ina hawaye.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce jibi ne biki, in ban zo da na gaskiya ba mai nama zai zama Sarkin Yaƙi.

Na haɗiye girman kaina na tafi wurin Baba. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ɗauko tef ya auna ni. Shi yana cusa auduga, ni ina lanƙwasa wayar ƙarfe ina yin zobba, yana nuna mini yadda kowane zobe ke kama huɗu. Yatsuna suka yi kanta a kan kanta.

Ranar biki hannuna ya tashi har sama, mai nama ya sha ƙasa, fili ya kaure da guɗa.

Har yau ban daina jin haushin masu raina ni don ban yi zurfi a boko ba. Amma tun daga lokacin na gane ni ma raini na yi, kuma wanda na raina shi ya san abin. Yanzu kafin in ɗaga guduma, sai na tambayi tsoho.