Libarbar Da Na Zaɓa Don Aljihun Kaftanina

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili a wannan shafi, amma a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. A farkon shekarun 1980 ni matashi ne mai karatun digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar waje, a garin Greensboro, mai ji da kansa, mai ganin babu abin da zai gifta ta gabansa bai gane manufarsa ba. Tun a gida an san ni da wannan hali, in mutum ya yi tari sau biyu sai na ce da wata a ƙasa. Matata ba ta daɗe da biyo ni ba, tana ɗauke da cikin fari, Turancinta kuma bai wuce na gaisuwa ba. Muna haya a saman wani bene kusa da titin Wendover, kuma kamar yadda muka taso, takalmanmu a waje muke barinsu, a bakin ƙofa. Garin kansa bai gama hucewa daga wani harbe-harbe da aka yi da rana tsaka ba, kowane baƙo yana tafiya yana waiwaye.

A ƙasanmu akwai wani dattijo Bature, dogo, mai zama shi kaɗai. Tun makon farko na tsane shi, domin na gaishe shi a bakin matakala bai ko ɗago ba. Na sake gaishe shi wata rana yana shara, ya ci gaba da shararsa kamar iska ce ta wuce. Idan kuwa muka yi kiciɓis fuska da fuska, sai ya ƙura wa bakina ido, ba idona ba, bakina, kamar yana ƙyamar abin da ke fitowa daga ciki. A wurinmu wanda ya ƙi amsa gaisuwa ya gama faɗa maka matsayinka. Na rubuta shi a zuciyata a matsayin maƙiyi, na rufe babin.

Sai aka shiga taɓa mana takalma. Da farko ƙafa ɗaya ta silifas ɗin matata ce ta ɓace. Bayan 'yan kwanaki na dawo na tarar an tattara takalmanmu duka an zuba a ledar burodi, an ƙulle, an rataye a marikin ƙofa. Aka sake, aka kuma. Matata ta ce ta leƙa ta taga ta ga dattijon nan ne, har ya buga ƙofa yana ɗaga murya yana wasu maganganu da ba ta gane ko ɗaya ba, ita kuwa ta ƙi buɗewa, tunda ba ta buɗe wa namiji ƙofa in ba na nan. Na ce ta yi daidai. Sai dai kowa da inda tunaninsa ya tafi. Ita ta tuna da masu ɗibar sawu da sace takalmin mai ciki, ta shiga tofa addu'o'i a kan kowane takalmi kafin ta sa. Ni na yi mata dariya a fili, na ce ina Bature ya san ɗibar sawu, amma a raina abin da na ƙudura ya fi nata muni. Na ce alama yake sa wa gidan, don waɗanda zai turo su gane ƙofar.

Na kai maganar wurin wani Alhaji, babba a cikin 'yan Arewan da ke garin, wanda muke sallar Juma'a a falonsa. Ya saurare ni tsaf, ya ce in sa matata ta dafa abinci in kai wa mutumin da kaina, in zauna in tambaye shi. Na ce to, amma da na fito sai na fara zargin Alhajin ma. Na ce ya daɗe a ƙasar nan har ya zama nasu. Maimakon kwanon abinci, sai na bi hanyar neman izinin sayen bindiga, ban gaya wa kowa ba.

Wata Juma'a bayan an idar na tuƙa mota zuwa wani shago a hanyar McLeansville, sanye da kaftanina. Da gangan na je da shi, domin a aljihunsa na gefe nake son abin ya zauna. Na ce wa mai shagon ƙaramar libarba nake so, wato bindigar hannu, ta ajiyewa a gida. Ya kalle ni, ya kalli hannuna da ke auna faɗin aljihu, ya ce in sani dokar jihar ba ta yarda mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa ba. Na gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Ya jero mini guda uku a kan teburi, duk gajerun baki, masu ganga mai juyawa inda ake jera harsasai. Ya ce bambancinsu a girman harsashi ne. Ta farko mai lamba ashirin da biyu, ba nauyi, ba ta dukan hannu, har mace za ta iya da ita, amma harsasanta ƙanana ne. Na raina ta, na ce wannan ai ta harbin ɓera ce. Ta biyu mai lamba ɗari uku da hamsin da bakwai, ita zuciyata ta so saboda girman suna. Ya kai ni filin gwaji a bayan shagon, na harba sau ɗaya, sai da na ji hannuna har kafaɗa, kunnena ya yi ta ƙugi, harsashin kuwa Allah kaɗai ya san inda ya nufa. Mai shagon ya danne dariyarsa, ya miƙo mini ta uku, matsakaiciya, mai lamba talatin da takwas, mai cin harsashi biyar. Ita ce ta zauna a hannuna.

Saura zaɓi ɗaya, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ita mai talatin da takwas ɗin iri biyu ce. Ɗaya tana da ƙugiya a baya wadda ake ɗanawa da babban yatsa, in ka ɗana ta, taɓa kunamar kaɗan ya isa ta tashi. Ɗayar an rufe mata ƙugiyar a ciki, bayanta sumul, sai dai kunamarta tauri gare ta, sai ka ja da ƙarfi, ka ja da nisa, kafin ta tashi. Ni mai ƙugiyar na so, don sauri nake nema. Da mai shagon ya juya baya na zura ta a aljihu, ba harsashi, na fizgo don in gwada. Ƙugiyar ta maƙale a zaren bakin aljihun, ta yage shi. Na tsine wa telan da ya ɗinka mini kaftanin a raina, na ɗauki mai taurin kunamar ba don ina so ba. Har na isa gida ina jin an cuce ni.

Na ɗauka bindiga za ta kawo mini barci, ashe zargin ta zo ta yi wa taki. Na daina sa wando da taguwa, kullum kaftani, har abokan karatu suna yaba mini da riƙon al'ada. A sahun salla na koma tsayawa a gefen bango, ina danne aljihu da gwiwar hannu in zan yi sujada, ban san me liman ya karanta ba. In mota ta bi bayana a Wendover na ce ni ake bi. In mai kawo wasiƙu ya daɗe a ƙasa na ce da dattijon suke ƙus-ƙus. Matata ta ga abin a ƙarƙashin matashin kai, ta yi kuka, na ce don ita da abin da ke cikinta na saya. Ta ce ita yanzu ba ta san wa za ta fi tsoro ba. Maganar ta yi mini zafi, amma ban ji ta ba.

Ranar da abin ya faru hadari ya haɗo da hantsi, aka soke darasi, na dawo gida da wuri. Ina hawa matakala na hango shi durƙushe a ƙofata, ya ba ni baya, hannunsa ɗaya cikin takalmin matata, ɗayan yana lalubar marikin ƙofa. Matata tana ciki ita kaɗai. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Ban ma fito da ita ba, na ɗaga bakinta ta cikin yadi na saita tsakiyar bayansa, dama don haka aka yi irinta. Na daka masa tsawa ya tsaya. Bai motsa ba. Na sake, da duk muryata, bai ko waiwayo ba. Na ce lallai raini ya kai inda ya kai. Na fara jan kunamar. Wallahi na ja, ba wai na yi niyya ba, na ja, har na ji gangar ta fara juyawa tana jan yadin aljihun a kan cinyata. Taurin nan da na yi ta tsine wa shi kaɗai ya rage tsakaninsa da kabari. A daidai nan inuwata ta faɗa kan ƙofa, ya juyo.

Murmushi ya yi. Ya ɗaga takalmin yana nuna mini sama, ya ce ruwa zai sauko, da wata irin murya mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa. Ya nuna kunnuwansa ya ce in yi haƙuri in dube shi in zan yi magana, domin ƙarar injinan masaƙa da ya yi wa aiki tun yana saurayi ta cinye masa ji, sai dai ya karanta leɓe. Ya ce wani karen unguwa ya gani da silifas a baki kwanakin baya, ya bi shi bai kama ba, shi ya sa yake rataye mana sauran, kuma ya sha buga ƙofa don ya yi bayani. Ina tsaye ina sassauta yatsana a hankali, ina jin gangar tana komawa mazauninta. Matata ta buɗe ƙofa. Ba ta dubi dattijon ba, aljihuna ta duba, ta ga yadda ya yi tsini. Har yau ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na mayar da libarbar shagon, mai shi bai tambaye ni dalili ba. Daga nan na ɗauki kwanon shinkafar da Alhaji ya ce in kai tun farko, na sauka ƙasa. Ranar sunan 'yarmu dattijon ya zo, ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya jera kusa da namu, ya karɓi jaririyar ya riƙe kamar ƙwai. Na kasa zama a ɗakin, na fita na tsaya a matakala ina kuka, mutane suka ɗauka murna ce.

Ga abin da na koya, ya ku masu karatu, musamman matasanmu da ke ƙasashen mutane. Na yi rabin wuni ina auna harsashi da tsayin baki da faɗin aljihu, amma ban iya sauka matakala ɗaya na buga ƙofar maƙwabcina ba. Abin da yake raini a garinku, a wani garin ciwo ne a kunnen bawan Allah. Mai zargi in ya riƙe makami ba kariya ya samu ba, shi ne ya zama abin da ya kamata a kare mutane daga gare shi. Kafin ku zaɓi abin da zai shiga aljihunku, ku je ku tambayi mutumin da kuke tsoro, ku tsaya a gabansa yadda zai ga bakinku. Dattijon nan ya rasu bayan mun dawo ƙasarmu, yana ɗaukata ɗan kirkin da ke kawo masa shinkafa. Bai taɓa sanin abin da ke cikin aljihuna ranar ba, ni kuwa ban taɓa samun ƙarfin halin neman gafararsa ba. Har gobe in zan sa kaftani, sai hannuna ya tsaya a bakin aljihu.