Ranar da Gwaggo Ta Shanye Zanena

Ko haƙorana za su zube don tsufa, ba na jin zan manta da ranar da aikina na sati uku ya ƙare a cikin tumbin gwaggona. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar, Allah ya sani, hawaye ne suka cika mini ido.

A lokacin ina shekara ta biyu a wata makarantar koyon zane da ordinata, wato kwamfuta, a nan Damagaram. Mushenmu, wato malamin ajinmu, mutum ne mai son gasa. Duk bayan 'yan watanni sai ya liƙa takarda a bango, an rubuta abin da ake so da ranar rufewa, ya ce ai a fagen kokawa ake sanin ƙato. Wannan karon wasu matan unguwar Garagumsa masu matsar man gyaɗa ne suke son tambarin da za su liƙa a kwalabensu. Wanda suka zaɓi nasa, za a ɗauke shi koyon aiki a wata maɗaba'a ta cikin gari. Ni kuwa wannan gurbin nake nema ido rufe.

Mahaifina malami ne a unguwar Birni, a zaurensa na tashi, ajami na iya tun kafin in san boko. Saboda haka hannuna ba ya sakewa sai da alƙalamin kara. Abokan karatuna suna layi a gaban ordinata, ni kuma a kan allo nake fara zane da tawadar gida, in na gama in ɗauki hotonsa da waya, sannan in bi shi a na'ura.

Sati uku ina kan allon nan. Na zuba zayyana son raina: da'ira cikin da'ira, ga gyaɗa, ga turmi da taɓarya, ga rana tana fitowa, ga dabino biyu da ban san abin da ya kawo su ba, sunan ƙungiyar kuma ya kewaye su da ajami. A ganina ko makaho ya shafa sai ya yaba.

Ranar rufewa, da la'asar za a karɓi aiki. Bayan sallar asuba na ja layin ƙarshe, na jingine allon a zaure ya bushe. An ɗauke wuta tun jiya, wayata ta mutu, sai na tafi bakin kasuwa wurin mai caji.

Ashe gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta zo daga Gidimuni da ciwon gwiwa, ta roƙi baba ya yi mata rubutun sha. Ya rubuta, ya ce mata allon yana zaure jingine da bango, ya wuce ta'aziyya. Ta shiga ta tarar da alluna biyu. Ɗaya layuka ne 'yan kaɗan, ɗaya kuwa ya sha ado. To, ko kai ne, wanne za ka ɗauka?

Na dawo da hantsi na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa, ga ƙwarya a gabanta, ga allona an shanya shi a rana, fari tas kamar yau aka sassaƙa shi.

Na ce, "Gwaggo, wa ya wanke allon nan?"

Ta ce, "Ni mana. Kai, ɗan nan, ubanka ya ƙara ilimi! Ban taɓa ganin hatimi mai kyan wannan ba. Har da dabino."

"Ina ruwan?"

Ta shafa ciki. "Kashi uku na so in yi masa, sai na ga da zafi-zafi ake bugun ƙarfe."

Na zauna a ƙasa ina salati. Na ce, "Gwaggo, ba rubutu ba ne. Tambarin man gyaɗa kika sha."

Ta dube ni ta ce, "Shi ya sa nake ta gyatsar ƙuli-ƙuli." Sai ta miƙe tsaye, ta taka zuwa bakin rijiya ta dawo. "Ko na mene ne, gwiwa dai ta saki. Gobe ka yi mini na ɗaya ƙafar."

Baba ya shigo ya ji labari. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a gaban yara ba, sai da ya dafa bango. Da ya samu numfashi ya ce, "Waraka ta Allah ce, Yaya. Amma naki yana nan, kada ki bar shi." Sannan ya juyo gare ni: "Kai kuma kuka na me? Zauna ka rubuto abin da ka haddace."

Na ɗauki allon da sauran danshinsa, na zauna. Wallahi na nemi da'irorin nan a kaina na rasa inda suka fara. Dabinon sun tafi, rana ta faɗi, turmin ma ya ƙi zuwa. Abin da ya rage mini kawai shi ne tsakiyar zanen: kwanson gyaɗa a buɗe, ɗigon mai yana sauka daga bakinsa. Layi biyar ko shida. Na zana shi ina jin kunya, na ɗauki hoto tun tawada ba ta bushe ba, na hau kabu-kabu zuwa makaranta. Ana kiran la'asar na miƙa.

Bayan sati guda matan suka zo. Mushe ya liƙa kowane zane a kwalba, ya jera su can ƙarshen fili, ya ce su zaɓa daga inda suke tsaye, don mai saye a kasuwa ba ya zuwa da tabarau. Shugabarsu, wata dattijuwa mai ƙaramin jiki, ta kare rana da tafin hannu ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Waɗancan duk kamar ƙuda ya mutu a kai. Wancan na gefe dai gyaɗa ce, ko jikata ta gani ta san mai ne." Nawa take nufi.

Mushe ya ja ni gefe ya ce, "Yaushe ka koyi rage surutu a zane? Wa ya gyara maka?" Na ce gwaggona ce. Ya ce lallai a gaishe ta, ta san aiki. Ban ƙara masa bayani ba.

Haka na shiga maɗaba'a, a nan na koyi sana'ar da nake ci da ita har yau, alhamdu lillahi. Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk abin da ka zana da hannunka, aka wanke, ka kasa tuna shi, to dama kaya ne kawai ka ɗora wa aikin. Shi ya sa in na gama zane nakan kife shi, in sake yi da ka, abin da ya dawo shi nake kai wa mai aiki. Sai dai fa kafin in kife, ina ɗaukar hoto, don ba kullum hasara take zuwa da alheri a goye ba.