Gishiri a Gindin Kwakwa

A tashar jirgin ƙasa ta Lyon wata tsohuwa na zaune kusa da ni, gajiya duk ta sauko mata a kafaɗa. Hannuwanta na mai goge-gogen ofisoshi ne. A cinyarta akwai bokiti, ciki kwakwa ce ta tsiro, ganye biyu sun soma zama rawaya. Ta lulluɓe tsiron da gyalenta, ita tana rawar ɗari, tana barbaɗa masa gishiri a gindi.

Da Faransanci na ce, "Inna, za ki kashe shi."

Ta ce, "A tsibirinmu babu ƙasa, sai farin yashi, ruwan gishirin teku ke shayar da kwakwa. Wannan ne na huɗu da na dasa."

Ban tambayi sauran ukun ba. Na ga yadda take rungume da bokitin.