Sa Hannu

Ban taɓa yin aikin da ya ci raina kamar shugabancin kamfani ba. Ɗaukar buhu ya fi shi sauƙi, na yi duka biyun, na sani.

Shekarun baya ne, lokacin da gwamnati ta hana shigo da shinkafar waje. Ni da abokina muna da tsohon injin casa guda ɗaya a Bukan Sidi, a ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo. Shi ke kan inji, ni ke bin manoman Tibi ina sayo shanshera, shinkafar da ba a casa ba. In inji ya tsaya ni ke shiga ƙarƙashinsa, shi ya sa yake kira na Baƙin Mai. Da azahar matarsa ta aiko da sakwara a tire ɗaya, ya daka min tsawa: "Baƙin Mai, zo ka sa hannu kafin in cinye, ƙaton banza!"

Wata rana wani Alhaji daga Jos ya tsaya da motarsa, ya daɗe yana kallon layin mata masu jiran casa. Ya ce zai zuba kuɗi. Na ce ba na cin bashi. Ya yi dariya ya ce, "Ba bashi ba ne, hannun jari ne. In kun faɗi na faɗi, in kun tashi rabi nawa ne. Amma mutum ɗaya nake so in riƙa tambaya, kai ne manaja." Ya miƙo takarda ya ce in sa hannu. Aji huɗu na yi a firamare. Sai da na yi gumi kafin na gama zana sunana.

Muka tashi kuwa, tashin da ya fi ƙarfin kaina. Kafin damina biyu inji ya zama shida, ma'aikata sun fi talatin, manyan motoci na kwana a ƙofa. Aka gina min ofis mai ƙofa da fanka. Alhaji ya ce manaja ba ya cin abinci a ƙasa da lebura, raini yake jawowa. Sai aka riƙa kawo min nawa a kwano da cokali, ina ci ina jiyo shewarsu ta taga. In na fito, hira ta mutu. Kalmar ba ta canza ba, kullum ina jin ta, amma da biro: "Oga, sa hannu a nan."

Abokina ya ci gaba da kira na Baƙin Mai a gaban kowa, har a gaban Alhaji. Shi kaɗai ya rage mai yi min haka. Kuma ba ya yarda a gudu da inji dare da rana. Ya ce, "Ƙarfe ma yana gajiya, Alhaji. Ku da ba ku taɓa jin kukansa ba." Sati na zagayowa Alhaji ya zo da wani injiniya mai difloma, da takarda. Takardar ta ce abokina zai sauka daga shugaban masu inji, ya koma awon buhu, in ba haka ba sababbin injuna huɗun da Alhaji ya sayo, da ke hanya, a kai su wani gari.

Na nemi wanda zan yi shawara da shi, babu. Mutumin da nake kai wa irin wannan magana, sunansa ne a takardar. Na dubi mutum talatin da ke ci daga wurin, na ɗauki biro.

Abokina bai yi faɗa ba. Ya shigo ofis, ya cire takalmi a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye makullan injin a kan tebur. Ya ce, "Oga, a sauka lafiya. Zan koma gona." Wannan "Oga" ta fi mari zafi.

Kamfanin ya ƙara girma, daga baya muka sayar, kowa ya kama gabansa. Masu neman jari kan zo yanzu su tambaye ni dabara. Ba ni da wata dabara. Nakan ce musu su tanadi mutum ɗaya da zai iya zaginsu, kada su bari sunansa ya shiga takardar da za su sa wa hannu.

Washegarin ranar da abokina ya ajiye makullan, ban je ofis ba. Na hau mota zuwa ƙauyensu Adogi, na same shi a gindin mangwaro da tire a gabansa. Ya miƙe ya gaishe ni, ya sa aka kawo min kujera, da nawa kwanon daban, da cokali. Na ajiye cokalin, na sauko ƙasa, na wanke hannuna, na zauna kusa da tiren ina jira ya ce in sa hannu. Ya ci abincinsa a hankali har ya suɗe yatsu. Hannuna ya bushe a kan gwiwata, na tashi na tafi tasha.