Awakin Dokta Talatu

Duk wanda ya taɓa aika wa Kaka Kulu abinci ya san kwanonsa ba zai dawo wofi ba. Ka aika mata tuwo, a dawo maka da daddawa. Ka aika fura, a dawo da ƙwan zabi. Ran da babu komai a ɗaki, sai ta ɗebi gishiri ta zuba, ta rufe da faifai kamar wani abin kirki, ta ce wa ɗan aike, "Riƙe da kyau, kak ka zubar." In an yi mata magana, amsarta ɗaya ce: "Kwano ba shi komawa wohi. Wanda anka ba bai rama ba, bara yay yi."

Ku da kuka zauna da ita a Ƙaura kun san ba ƙari nake yi ba. Ni kuwa da ta rena tun daga yaye, na fi kowa ɗanɗana wannan hali, don ni ne jikan da take kira Maigida, kuma ni ne mai yawon mayar da kwanuka.

Ba maƙwabta kaɗai take yi wa haka ba. Masu allurar rigakafi sun taɓa shigowa gidanmu, suka yi wa yara, suna shirin fita ta tare ƙofa da ƙwai a ƙwarya. Shugabarsu ta ce, "Inna, ai kyauta ne, gwamnati ce ta aiko mu." Kaka ta ce, "To ita gwamnatin ba ta cin ƙwai?" Haka suka fita da ƙwarya.

Ran da aka ba mu jihar Zamfara, gari ya ruɗe da murna, 'yan acaɓa sai hon suke yi. Na shigo da gudu na ce, "Kaka, an ba mu jiha!"

"Wa yab ba mu?"

"Gwamnatin tarayya."

"Mi munka sa mata cikin kwano?"

Na ce babu. Ta ci gaba da tsince wakenta ta ce, "To ku jira, za ta zaka ta ɗauka da kanta." Da masu karɓar haraji suka fara zagaya kasuwa da sabon rasit, kallona kawai ta yi da idon nan nata guda.

Ido ɗaya gare ta, kun sani. Na hagun ƙyanda ta tafi da shi tun tana yarinya. Na daman ne ya riƙe ta duk rayuwa, kuma shi ne ya fara yin yana lokacin ina karatun likita a Sakkwato. Makarantarmu tana da haɗin gwiwa da wata makarantar likitoci ta Turai. Duk shekara bayan girbi sukan turo likitoci da ɗalibai su haɗu da namu, a zagaya Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ana duba idanu, su ma namu a tura su can su ƙaro sani. Da yake ni ɗan Ƙaura ne, aka sa ni tafinta, ni kuma na lallaɓa Kaka na kai ta layi.

Shugabar baƙin wata doguwar mace ce mai furfura, mai sunan da harshenmu ya ƙi juyawa. Kaka ta gwada sau biyu ta gaji, ta tambayi ranar da suka sauka garin. Na ce Talata. Ta ce, "To ke Talatu ta." Sunan da ya bi ta ke nan, har ɗalibanta suka kama.

Dokta Talatu ta duba idon ta ce yanar ba ta nuna ba tukuna. A lokacin sai ta nuna ake cirewa. Ta ba Kaka tabarau, ta ce in lokaci ya yi ita da kanta za ta yi mata aikin. Kaka ta maƙala tabarau, ta juyo ta ƙare mini kallo ta ce, "Maigida, ashe haka hancinka yake? Da na gani tun hwarko da ban aure ka ba."

Washegari da hantsi muna loda kaya za mu Shinkafi, sai ga Kaka ta janyo jar akuya har ƙofar masaukin baƙi. Na san abin da ya kawo ta, na rasa inda zan sa kaina. Dokta Talatu ta yi godiya, ta ce a gaya mata jirgi ba ya ɗaukar akuya.

Kaka ta ce, "Jirgin da yad ɗauki Alhaji Mudi da tumbinai zuwa Makka, shi ka gaza akuya?"

Aka yi ta ja, direba yana hon. A ƙarshe Kaka ta yanke hukunci. "Akuyarki ta, ni kiwo nikai maki. Amana ta. Kuma daga yau ke ƙawata ta." Dokta Talatu ta ɗauka wasa ne, ta kama kunnen akuya ta gaishe ta, muka wuce.

Ba wasa ba ne. Akuya ta haifi biyu, biyun suka haifi nasu. Duk shekara in baƙi sun zo, sai Dokta Talatu ta fara zuwa gidanmu ta gaida dukiyarta kafin a duba idon. Tun tana zuwa da ni ina fassara har ta koyi Hausar da za su zauna a tabarma su yi ta hira ba ni. Awakin nan kuwa ba a sayarwa, ba a yankawa, ko nononsu ba a tatsa. Sallah ta zo mu tsaya muna haɗiyar yawu gaban wani ƙosasshen bunsuru, Kaka ta ce, "Ku kau da ido, na mutane na."

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Mu nan gari kasuwa na ci, ana noma, ana biki, amma abin da gidajen rediyon waje suke faɗa daban ne. Hukumar makarantar su Dokta Talatu ta tsorata, ta ce ba za ta sake turo kowa ba sai ta ga yadda hali zai yi. Girbi ya wuce ba su zo ba, wani ya sake wucewa. A tsakanin nan yanar ta nuna, ta rufe idon ruf.

Ko da ta daina gani ba ta daina cika kwano ba, da lalube take yi. Wata rana ta zuba wa matar liman garin sabulu a madadin gishiri, unguwa ta kwana biyu tana dariya. Ni ban yi dariyar ba. Na riga na karanta cewa yana in ta wuce nuna tana iya tayar da ciwon da ke kashe ido gaba ɗaya, kuma Kaka ba ta da na canji. Gaskiya na ji tsoro ƙwarai.

Mafita kuwa tana hannunmu. Malamina Dokta Sanda, mutumin Zurmi, ta wannan haɗin gwiwar ya je Turai ya koyo aikin ido. Ya ce in kawo ta ko gobe. Na zo da murna na gaya mata, ta ce a kai kasuwa.

"Na yi alƙawali da ƙawata. In ta zaka ta ishe wani ya cire, da wane ido za ni dubin ta?"

Na ce, "Kaka, in kika ƙara jira ba ki da idon da za ki dube ta da shi."

"Kai dai ba ka san ƙawance ba."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo mata liman, na turo yayyenmu daga Gusau. Kowa ya shiga ɗakin ya fito da ƙwai a hannu, maganar tana nan inda take.

Awakin ne suka cece mu. Da yake mai kiwon ba ta gani, suka tsinke suka faɗa gonar rogon maƙwabcinmu Malam Ila, suka yi mata aski. Malam Ila ya zo ƙofar gida yana kumfar baki, ya ce wallahi sai alƙali ya raba su, yanzu ba da ba ce. Kaka ta saurare shi tsaf, ta ce, "Gaskiyarka. Amma ba nawa na ba, bari a kira mai su." Ta sa na ɗauko rikoda da sabon kaset, ta sa aka kai ta tsakiyar garke, ta gyara murya.

"Talatu, ni ta, Kulu. Ina gaisuwa. Awakinki sun yi ɓarna, sun canye rogon Malam Ila. Ya ce kotu za shi. Yanzu Shari'a akai garin ga, ba a ƙarya gaban alƙali, in an tambaye ni sunanki za ni hwaɗi. Ki zaka ki ji da dukiyarki. Ga su nan, ji da kunnenki." Ta tura rikodar bakin bunsuru, shi kuma bai ba ta kunya ba. Can ta ƙara da cewa, "Idon ma ya nuna."

Na riƙe kai. Matar da aka hana zuwa don tsoron Shari'a, ita za a aika wa sammaci. Na kai wa Dokta Sanda kaset ɗin na ce ko mu rubuta mata wani abu mai taushi a madadinsa. Ya saurara, ya yi dariya har da hawaye, ya ce kar in taɓa komai. Wani malaminmu da zai je taro can Turai ya tafi da shi.

Ana tsakiyar zafin bazara sai ga mota a ƙofar gida. Dokta Talatu ce, hutunta ta ɗauka ta zo da kanta ba da yawun makaranta ba. Ta lulluɓe cikin wani zurmemen baƙin hijabi har ƙasa, da safar hannu da ta ƙafa, gumi kamar an tsamo ta daga rijiya. Ta durƙusa gaban Kaka. Kaka ta lalube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Wa yak kawo muna buhun gero?"

"Ni ce, ƙawa. Na zo shari'a."

"Ke, cire ki sha iska, gyale ya ishe ki. Wa yac ce maki dahwa mutane mukai?"

Malam Ila da aka gaya masa wadda yake ƙara ta iso, kunya ta rufe shi. Da la'asar sai ga shi da sauran rogon da awaki suka rage, wai a dafa wa baƙuwa. Kwanonsa ya koma da ƙwai, shari'ar ta ƙare a nan.

Saura babbar. Dokta Talatu ta duba idon ta ce bai mutu ba tukuna, amma ba na jira ba ne. Sannan ta ɗora hannuwanta a cikin na Kaka ta ce, "Ƙawa, ji." Hannun rawa yake yi. Ta ce tsufa ya kama shi, ta daina riƙe wuƙa tun bara. "Sanda zai yi. Ni zan zauna kusa da ke in riƙe hannunki."

Kaka ta ɗago kai ta tambaye ta.

"Ɗan Zurmi?"

"Shi."

"Ke kinka koya mai?"

"Ni na koya masa, yanzu ya fi ni."

Ta jinjina kai ta ce, "To ashe kwanonki na zai maido. Ba a hana mutum maida kwano. Shi cire."

A asibitin Ƙaura aka yi aikin. Da safe da za a buɗe idon, ni da nake shekarar ƙarshe a karatun likita sai da na jingina da bango don fargaba. Dokta Sanda ya ɗaye audugar a hankali. Kaka ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Ni kuwa na fara salati a zuci. Can ta juya wajen wadda ke riƙe da hannunta ta ce, "Kai, Talatu, ke ma kin tsuhwa."

Na sulale na zauna a ƙasa ina kuka, nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka. Ta leƙo ta ce, "Maigida, kukan mi? Don na sake ganin hancin ga?" Da muka koma gida kuwa ko ɗaki ba ta shiga ba, garke ta wuce, ta dawo tana faɗa wai wa ya bar awakin mutane suka rame haka.

Da Dokta Talatu ta koma ta ba da labarin abin da ta gani, girbi na gaba baƙi suka dawo kamar da. Ita ta ce a riƙa sayar da bunsuran ana biya wa tsofaffin Gurbin Ɓore da ƙauyukan Shinkafi mota zuwa aikin ido. Kaka ta ce, "Dukiyarki ta, yadda kinka so." Dokta Sanda kuma har ya bar aiki bai sake sayen daddawa ba.

Kaka ta yi shekaru bayan nan tana zura zare a allura da kanta. Ran da ta rasu, kwanukan abinci suka cika tsakar gida har babu wurin taka ƙafa, kuma kun tuna yadda muka yi ta neman abin zubawa a ciki, don babu wanda ya iya mayar da ko ɗaya wofi.

Ya Allah, ga baiwarKa Kulu ta zo maKa da ɗan abin da ta samu a kwanonta. Ka karɓa, Ka haskaka kabarinta, Ka cika mata shi da rahamarKa. Amin.