Garmar Baba Abel

A Rikoto, in ka ji ƙarar injin walda tun kafin rana ta yi zafi, to Rachel Abel ce. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa ƙarfe sai ta zana abin a takarda, ta gaba da ta gefe da ta sama. Masu kawo gyaran ƙofa har gajiya suke da ita.

A sakandare ta samo wannan hali. Ita kaɗai ce mace a ajin zane da ƙere-ƙere, ga injinan makarantar duk sun mutu. Malaminsu, Malam Yusha'u, bai damu ba. Kullum cewa yake kafin a ɗauki fensir, a je a kalli mai aikin yana aikinsa.

Shekarar da za ta gama, mahaifinta Baba Abel ya dawo daga soja, an yanke masa hannun hagu daga gwiwar hannu. A ƙasar Zuru kuwa da garma ake sanin namiji. Damina biyu yana zaune gindin mangwaro, gonarsa ta kan tudu ta zama ciyawa. Sai dangi suka ce in ruwan bana ya sauka bai yi huɗa ba, ƙanensa zai karɓi gonar.

Rachel ta yi mako guda tana bin manoma, ba ta noma, kallo kawai, har aka fara yi mata dariya. A nan ta gane nauyin garma a kafaɗa yake, hannun hagu saita ta kawai yake yi. Ta dawo gida da tef ɗin awo.

"Mi kike aunawa, ɗiyata?" in ji Baban. "Ai babu komi nan."

Ta auna abinta. Ta ƙera ƙoƙon ƙarfe mai shiga dungun hannun, ta lulluɓe cikinsa da robar taya, ta sa masa ƙugiya mai kama ƙotar garma da maɗauri zuwa kafaɗa. Na farko ya saluɓe masa fata. Na biyu ya karye. Ta yi kuka sosai, ta koma kan takarda.

Na ukun, ranar da aka wayi gari da ruwan shuka suka hau tudu da shi. Ƙanen nasa na tsaye da tasa garmar. Baba Abel ya sunkuya, ƙasa ta kife. Ya ƙara, ta sake kifewa. Rachel kanta tsoro ya kama ta, ganin layukan fensirinta suna juya ƙasa.

Ya kai ƙarshen kunya ya waiwayo, gumi na zuba.

"Kai," ya ce wa ƙanen, "matsa mini, kana tsaye bisa kunyata ta biyu."